Linus Pauling (1901-1994): Masanin Da Ya Auna Jini Da Maganaɗisu

Gabatarwa

Da editocin wannan mujalla tamu suka nemi duk ɗalibin da ke da sha'awa ya kawo tarihin wani shahararren mutum, na san mafi yawan 'yan uwana za su nufi malaman jihadi da marubuta da makaɗan fada, kuma hakan shi ne daidai ga masu nazarin Hausa. Ni kuwa sai na ɗauko wani Ba'amurke masanin kimiyyar sinadarai, wanda ba abin da ya haɗa shi da sashenmu. Don haka ya zama dole in fara da faɗin dalili, sa'annan in roƙi mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga Hausar ta yi ɗingishi a wani wuri. A gidanmu a Yangoji, cikin ƙaramar hukumar Kwali, Gbagyi muke yi. Hausa a kasuwa da bakin titin Lakwaja na tsince ta, kafin in zo jami'a in karance ta.

Ɗiyar yayata tana da sikila, wato amosanin jini. Da damunar 2023, tana da shekara 7, ta tashi da safe hannunta na dama ba ya ɗaguwa, bakinta kuma ya ɗan karkace. Muka kai ta asibiti cikin birni, likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar MRI. Aka cire mata 'yan kunne da duk wani abu na ƙarfe, domin na'urar ƙaton maganaɗisu ce, ni kuwa ina zaune a waje ina jin ƙararta kamar ana daka a turmi. Da hoton ya fito, likita ya nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo, ya ce wuraren da jini ya kasa isa ne, naman wurin ya rasa iskar oksijin ya lalace. Wasu ma tsofaffi ne, sun faru ba wanda ya sani. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: me ya haɗa maganaɗisu da jini da iskar da muke shaƙa? Da na bi sawun amsar a ɗakin karatu, sai na yi karo da sunan mutum guda sau biyu, sau ɗaya a kan ciwon yarinyar, sau ɗaya a kan maganaɗisun. Shi ne Linus Pauling.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Linus Carl Pauling ranar 28 ga Fabrairu, 1901, a birnin Portland na jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa, Herman, mai kantin magani ne, ya kuma rasu a 1910 lokacin da yaron yake da shekara 9. Mahaifiyarsa, Belle, ta koma riƙon gidan haya inda baƙi ke biyan kuɗin kwana da abinci, da shi ta ciyar da Linus da ƙannensa mata biyu. Ita kanta ba lafiya gare ta ba, wani mugun ciwon ƙarancin jini ya daɗe yana cin ta. A riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Yana wajen shekara 13 wani abokinsa mai suna Lloyd Jeffress ya nuna masa yadda ake haɗa sinadarai su canza launi ko su kama wuta, shi ke nan sai abin ya shiga ransa. Ya riƙa tsinto ragowar sinadarai daga wata tsohuwar ma'aikatar narka ƙarfe inda kakansa ke gadi, yana gwaje-gwajensa a ɗakin ƙasa na gidansu. Bai sami takardar gama sakandare ba, saboda bai cika darussan tarihin Amurka ba, sai a 1962 makarantar ta ba shi ita, bayan duniya ta gama saninsa. Duk da haka Kwalejin Aikin Gona ta Oregon ta ɗauke shi a 1917. Mahaifiyarsa ta so ya ci gaba da aikin da ya samu a wani shagon injuna don ya taimaki gida, shi kuwa ya zaɓi karatu, yana faskare da goge-goge da duba aikin shimfiɗa kwalta don ya biya kuɗin makaranta. Tun bai gama ba kwalejin ta sa shi koyarwa, kuma a cikin ajin da yake koyarwa ya haɗu da Ava Helen Miller, wadda ya aura a 1923. Sun haifi 'ya'ya huɗu.

Daga nan ya wuce cibiyar Caltech da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, ya sami digirin dakta a 1925 a kan binciken yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin ma'adinai. A 1926 ya tafi Turai, ya zauna da Arnold Sommerfeld a Munik ta Jamus, ya kuma ziyarci Niels Bohr da Erwin Schrödinger, a daidai lokacin da waɗannan masana ke kafa sabon ilimin halayyar ƙwayar zarra. Yana can mahaifiyarsa ta rasu. Da ya komo sai ya ɗauki wannan sabon ilimi ya bayyana da shi abin da ke ɗaure ƙwayar zarra da 'yar uwarta har su zama ruwa ko gishiri ko sukari. Littafin da ya fitar a kan haka a 1939 ya zama abin dogaro ga masu kimiyyar sinadarai, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1954. Ba zan tsaya a nan ba, don ba shi ya kawo ni ba.

Jinin sa a tsakanin maganaɗisu

A shekarun 1930 gidauniyar Rockefeller, wadda ke ba shi kuɗin bincike, ta fi karkata ga abin da ya shafi rayuwa da lafiya, shi ma sai ya juya wajen jini. Abin da ke sa jini ja wani furotin ne da ake kira himogulobin, wanda ke cike da jajayen ƙwayoyin jini. Kowane ɗaya yana ɗauke da ƙwayar ƙarfe huɗu, kowace kuma tana kama oksijin a huhu ta sake shi a cikin tsoka da ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki. Abin da ba a tabbatar ba a lokacin shi ne irin riƙon da ƙarfen yake yi wa oksijin.

Kafin a gane gwajin sai na ɗan yi bayani. A jikin kowace ƙwayar zarra akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron, kowane ɗaya kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Yawanci bibbiyu suke zama, ɗaya ya soke jan ɗayan. Wanda ya rasa abokin zama, ni dai gwauro nake kiransa, kuma da wannan suna zan ci gaba, malamanmu na fassara su yi mini afuwa. Duk abin da ke da gwaurayen elektiron, maganaɗisu yana ɗan jan sa. Wanda nasa duk suke bibbiyu kuwa, ɗan ture shi yake yi.

A 1936 Pauling da wani matashin masani mai suna Charles Coryell suka sami jinin shanu, suka zuba a bututun gilashi, suka rataye shi a jikin sikeli mai tsananin lura, a tsakanin baki biyu na wani babban maganaɗisu mai aiki da lantarki. Sukan auna nauyin bututun maganaɗisu na kashe, su kunna su sake aunawa. Sun san oksijin shi kansa yana da gwauraye biyu. Suka tarar himogulobin da aka cire wa oksijin yana da gwauraye huɗu a kan kowace ƙwayar ƙarfe. A lissafin kowa, in aka haɗa su jan ya ƙaru ke nan. Ashe ba haka ba ne. Da oksijin ya hau kan ƙarfen sai gwaurayen suka ɓace gaba ɗaya, ko ɗaya bai rage ba. Wannan ya nuna oksijin ba raɓawa kawai yake yi ba, ɗauri na sosai yake ƙullawa da ƙarfen har ya canza masa hali. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, jinin da ya ƙoshi da oksijin da jinin da ya rasa shi ba iri ɗaya suke amsa maganaɗisu ba. Kada mai karatu ya ɗauka maganaɗisun da ke cikin tsohuwar sifika zai ja jininsa, jan ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai da sikeli irin nasu ake gane shi. Michael Faraday na Ingila ya taɓa gwada busasshen jini tun 1845, amma bai kai ga wannan bambanci ba.

Takardar da suka buga 'yar gajeruwa ce, kuma ta fi shekara 40 tana kwance kafin likitoci su san amfaninta. Shi Pauling ya ci moriyar tunanin tun da wuri ta wata fuskar. A 1940, da sojojin Amurka suka nemi abin da zai auna oksijin a cikin jirgin ruwa mai nutso, ya ƙirƙiro wata 'yar na'ura wadda ta dogara ga jan da maganaɗisu ke yi wa oksijin. Kamfanin Arnold Beckman ya riƙa ƙera ta, bayan yaƙi kuma aka koma amfani da ita a asibiti wajen auna iskar kwalabar jarirai bakwaini.

Sikila

A 1945 Pauling yana cikin wani kwamiti tare da wani likitan Jami'ar Harvard mai suna William Castle. Wannan Castle shi ne ya gano musabbabin irin ciwon ƙarancin jinin da mahaifiyar Pauling ta sha fama da shi, 'yan shekaru kaɗan bayan rasuwarta. Su biyun sun saɓa wajen tuna inda suka yi hirar, ɗaya ya ce a jirgin ƙasa, ɗaya ya ce a wajen cin abinci, amma sun yarda a kan abin da aka faɗa. Castle ya ba shi labarin wata cuta da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje in oksijin ya yi ƙaranci, su kuma miƙe in ya dawo. Likita James Herrick na Chicago ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1910, ko da yake mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe da saninta da sunaye iri-iri. Pauling da jin an ambaci oksijin sai hankalinsa ya tafi kan himogulobin, tun da shi ne abin da ke kama oksijin a cikin ƙwayar. Ya yi zaton aibin yana jikin furotin ɗin kansa.

Ya ɗora aikin a kan wani matashin likita, Harvey Itano, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda gwamnati ta tsare a sansani lokacin yaƙi tare da dubban irinsa, har bai sami halartar bikin yaye su a jami'a ba alhali shi ya zo na ɗaya. Daga baya S. J. Singer da Ibert Wells suka shigo. Sun sha wuya kafin su dace da dabarar sa himogulobin cikin ruwa a ratsa shi da lantarki a ga yadda zai yi tafiya. Na mai sikila da na mai lafiya ba su yi tafiya iri ɗaya ba. Na wanda ya gaji abin ta ɓangare guda, wato mai AS, sai ya rabu biyu, wani irin wannan, wani irin wancan. Suka buga sakamakon a watan Nuwamba na 1949. Wannan ne karo na farko da aka kama wata cuta aka nuna cewa tushenta aibi ne a jikin furotin guda. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya nuna ainihin wurin: a cikin jerin amino asid 146 na ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, na shida ne kaɗai aka musanya.

Wannan musanya guda ita ke jawo duk wahalar da na gani a gidanmu. In himogulobin mai sikila ya saki oksijin, sai ya zama mai danƙo, ya manne da ɗan uwansa, su yi dogayen zarurruka masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar. Ƙwayar da ta sandare ba ta iya bi ta siraran jijiyoyi, sai ta toshe hanya. Naman da ke gaba ya rasa oksijin, rashin oksijin ya ƙara lanƙwasa wasu ƙwayoyin. In a ƙashi abin ya faru, shi ne ciwon da ke hana yaro barci. In a ƙwaƙwalwa ne, shi ne fararen ɗigon da likita ya nuna mana. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa daga 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake.

Ba ƙasar da wannan bincike ya shafa kamar tamu. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar yara wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki (ba Garki ta Abuja ba, ta tsohuwar Jihar Kano wadda yanzu take Jigawa), Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa sun tarar kimanin 2 cikin 100 na jarirai da SS ake haihuwarsu, amma da wuya a ga mai SS a cikin yaran da suka wuce shekara biyar. Ba warkewa suka yi ba. Duk lokacin da na ji ana maganar ɗan wabi a darasin al'adu, wannan lissafi nake tunawa. A kusa da mu ma an taɓa yin yunƙuri: cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu ta haɗa maganin Niprisan daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, aka kuma ƙaddamar da sarrafa shi a 2006 a cibiyar kimiyya ta Sheda, wadda ba ta da nisa da Yangoji. Sarrafawar ba ta ɗore yadda aka so ba.

Bam da fasfo

Shekarun da suka biyo baya sun haɗa nasara da tuntuɓe. A 1951 shi da Robert Corey da Herman Branson, wani baƙar fata masanin kimiyya, suka bayyana yadda sarƙar furotin ke murɗewa kamar igiya. A 1953 ya fitar da siffar DNA wadda ba daidai ba, watanni kaɗan kafin James Watson da Francis Crick su fitar da ta gaskiya. Amma abin da ya fi cin lokacinsa shi ne yaƙi da makaman nukiliya, kuma matarsa Ava Helen ce ta fi ƙarfafa shi a kai. Tun lokacin yaƙi ya ƙi tayin shiga aikin ƙera bam ɗin farko. Gwamnati ta zarge shi da raɓar 'yan gurguzu, a 1952 ta hana shi fasfo na zuwa wani taro a Landan. A Janairun 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke ta neman a daina gwajin bam, wadda masana fiye da 11,000 suka sa wa hannu a ƙarshe. Da wani kwamitin majalisar dattawa ya matsa masa a 1960 ya faɗi sunayen waɗanda suka taya shi tara hannun, sai ya ƙi, ko da yake ƙin na iya kai shi kurkuku.

Wannan rigima ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, inda iskar hunturu ke tasowa ta nufo mu. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. A ranar 10 ga Oktoba, 1963, ranar da yarjejeniyar hana gwajin bam a sararin sama da cikin teku ta fara aiki, aka sanar da ba Pauling kyautar Nobel ta zaman lafiya. Shi kaɗai ne ya taɓa cin Nobel biyu ba tare da ya raba ko ɗaya da wani ba.

Inda ban bi shi ba

A 1968, a wata mujallar shari'a ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Pauling ya kawo shawarar a riƙa yi wa duk matashin da ke ɗauke da irin sikila, ko wata cutar gado mai kama da ita, tambari a goshi, domin masu ɗauke da iri guda su gane juna tun daga ganin farko, kada soyayya ta shiga tsakaninsu. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye littafin. Ni AS ne. Da an bi maganarsa, da ni da yayata da mijinta da rubu'in mutanen ƙasar nan muna yawo da alama a fuska. Mu da muka tashi a inda tsagar fuska ke faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba, mun san abin da alama ke jawowa wajen aure da neman aiki da ranar tashin hankali. Gwajin jini kafin aure abu ne mai kyau, na yi nawa, kuma Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Amma sakamakon na takarda ne, tsakanin mutum biyu da iyayensu da likita. Mai AS ba marar lafiya ba ne, hasali ma Anthony Allison ya nuna tun 1954 cewa AS na ba yaro kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. A ganina mutumin da ya ƙi tona sunayen abokansa a gaban majalisa bai kamata a ce shi ya kawo wannan shawara ba.

Haka kuma batun bitamin C. Daga 1970 ya dage cewa shan sa da yawa yana maganin mura, daga baya ya ce har da ciwon daji. Shi kansa ya kai yana shan giram 18 a rana, alhali abin da babban mutum ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram guda ba. Gwaje-gwaje biyu da asibitin Mayo ya yi, a 1979 da 1985, ba su ga wani amfani ga masu ciwon daji ba. Bai taɓa janyewa ba.

Abin da gwajin 1936 ya haifar

Yanzu sai in koma ga tambayata ta farko. Mafi yawan jikin mutum ruwa ne, kuma ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa su ma 'yan ƙananan maganaɗisu ne. Na'urar MRI takan jera su da ƙarfin maganaɗisunta, wanda a yawancin asibitoci ya ninka na ƙasa wajen sau 30,000, sa'annan ta girgiza su da igiyar rediyo, ta saurari amon da suke fitarwa yayin da suke komawa daidai. Daga wannan amo kwamfuta ke zana hoto. Paul Lauterbur ya nuna hanyar a 1973. To, in akwai abu mai gwaurayen elektiron kusa da ruwan, sai ya canza saurin komawar, wurin ya yi haske ko duhu a hoto. Shi ya sa tun 1988 ake yi wa wasu majinyata allurar gadoliniyam kafin hoto, wani ƙarfe mai gwauraye bakwai, wanda ake ƙunshewa cikin wani sinadari don kada ya yi illa.

A 1990, Pauling na da shekara 89, Seiji Ogawa na cibiyar binciken Bell a Amurka ya lura cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera suna yin duhu a hoton MRI in dabbar ta shaƙi iska mai ƙarancin oksijin. Dalilin shi ne abin da Pauling da Coryell suka auna a jinin shanu. Wato jini da kansa ya zama rini, ba sai an yi allura ba. A kan wannan aka gina hoton da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yayin da mutum ke magana ko sauraro, wanda masana harshe ma suke amfani da shi, don haka abin bai yi nisa da mu ba kamar yadda na zata.

Sai dai wannan dabara oksijin na cikin jijiya take nunawa, ba na cikin ƙwayoyin nama ba. Hoton da aka yi wa ɗiyarmu ma tabo ya nuna, bayan ɓarna ta riga ta auku. Abin da ake nema shi ne a ga wurin da ke cikin yunwar oksijin tun yana da rai. An fi matsuwa da wannan a ciwon daji. Tun 1953 da 1955 Louis Harold Gray da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ƙari yakan girma ya wuce jijiyoyinsa, ƙwayoyin da suka yi nisa da jini da kamar kaurin silin gashi biyu su shiga ƙarancin oksijin, kuma irin waɗannan sai an ninka musu hasken gashi kusan sau uku kafin su mutu. Su ne sukan tsira su dawo da ciwon. A ƙasa irin tamu, inda na'urorin gashi ba su da yawa kuma layi ke da tsawo, sanin ƙarin da zai ji gashi da wanda ba zai ji ba ba ƙaramin abu ba ne.

Masana sinadarai sun bi hanyoyi dabam-dabam. Wasu sun ɗaura gadoliniyam a jikin wani sinadari da ake kira naitiro-imidazol, ɗan gidan su Flagyl da muke sha don ciwon ciki. Shi wannan in ya shiga ƙwayar nama yakan karɓi elektiron. In akwai oksijin sai ya ƙwace elektiron ɗin, sinadarin ya fice abinsa. In babu, sai ya maƙale a ciki, wurin ya yi haske a hoto. Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar Emily Que ta Jami'ar Texas da ke Austin, wadda ita da ɗalibanta suka buga a 2016. Sun haɗa jan ƙarfe mai gwauro ɗaya da sinadarin fulorin. Muddin gwauron yana nan, yakan danne amon fulorin, na'ura ba ta jin kome. A ƙwayar da ta rasa oksijin sai jan ƙarfen ya sami elektiron, gwauro ya yi aure, amon fulorin ya fito fili. Matthew Allen na Jami'ar Wayne da ke Detroit shi kuma da yuropiyam yake aiki, wanda ke haske a hoto har sai oksijin ya taɓa shi ya dushe, don haka a wurin da ba oksijin kaɗai haskensa ke daɗewa. Waɗannan biyu na ƙarshe tunanin 1936 ne sak: ƙarfe, da gwaurayensa, da oksijin da ke canza lissafinsu. Yawancin irin waɗannan sinadarai a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka gwada su, ba su zama abin yau da kullum a asibiti ba.

Ga masu sikila, abin da ya fi kusa da hannu ya zo ne daga Kano. Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa in an gano yaran da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ka, ko ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya a kullum yana taimakawa wajen kare su daga shanyewar jiki. Shi ɗiyar yayata take sha yanzu. Hannun ya dawo, tana rubutu da shi, sai dai takan ɗan ja ƙafa in ta gaji. Maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 kuwa, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum guda.

Rasuwarsa

Pauling ya bar Caltech bayan kyautarsa ta biyu, saboda shugabannin wurin ba su ji daɗin siyasarsa ba. Ya koyar a San Diego da Stanford, a 1973 kuma ya kafa cibiyar bincike wadda daga baya ta ɗauki sunansa. Ava Helen ta rasu a Disambar 1981 da ciwon dajin ciki, bayan shekara 58 da aurensu. Shi kuwa ya ci gaba da rubuce-rubuce da jayayya da 'yan uwansa masana har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu ranar 19 ga Agusta, 1994, da ciwon dajin mafitsara na maza, a gonarsa da ke Big Sur a gaɓar tekun Kalifoniya, yana da shekara 93. Takardunsa da littattafan gwajinsa da lambobin Nobel ɗinsa biyu suna ajiye a Jami'ar Jihar Oregon, wato tsohuwar kwalejin aikin gonar da ta ɗauke shi a 1917 ba tare da takardar sakandare ba.